Wa Ke Kashe Batirin Babur a Tambuwal da Kebbe?

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, da zarar mutum ya sauka daga kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, sauran tafiyar ta babur ce. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare, shi ke kai malamin firamare ƙauyen da aka tura shi, kuma shi ne jarin samarin da ke kabu-kabu tsakanin Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, Kuchi da Margai. Cikin ƙorafe-ƙorafen masu babura, bayan na tsadar mai, babu wanda ya kai na batir yawa. Ana saye yau, kafin shekara ta zagayo oda ta shaƙe, sigina ta daina ƙiftawa, sitata sai ƙara kawai ba tashi. Kuma kusan kowa ya riga ya yanke hukunci: kayan yanzu jabu ne. Ni ina ganin wannan hukunci ya yi sauƙi da yawa, kuma sauƙin nasa ne ya sa muka ƙi duba inda ɓarnar take. Mafi yawan baturan da ke mutuwa da wuri a wannan yanki kashe su ake yi, kuma ana fara kashe su ne tun a shagon da aka saye su, a ƙarasa su a wurin mai caji. Saboda haka gyaran yana hannun masu sayarwa da makanikai fiye da yadda yake hannun mai babur.

Sai an san abin da ke cikin akwatin kafin a gane haka. Fasahar tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859, kuma har yau asalinta bai sauya ba. Batirin babur ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki da farantan dalma a tsome cikin ruwan asid, kowanne yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Cikakken batir da ya huta yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.8 a mita. In ya sauka zuwa 12.2, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, duk da cewa lambar ba ta yi kama da ta ragu sosai ba. Duk lokacin da aka ja wuta daga cikinsa, asid yakan haɗu da dalma su haifar da wani farin gishiri da ke liƙewa a jikin farantan. In aka yi caji nan kusa, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa, batir ya dawo yadda yake. In aka bar shi makonni, sai gishirin ya daskare ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi kuma, wannan sashe na faranti ya mutu ke nan har abada. Wannan ita ce babbar cutar batir: zama da yunwa. Aiki ba ya kashe shi da sauri kamar yadda zama a rabin caji ke yi.

Sai kuma zafi, wanda ba mu da yadda za mu yi da shi sai lallashi. Masu ƙera batura suna lissafin tsawon ransa ne a kan zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba ran batir gida biyu. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, rana takan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin murfin babur da aka jingine a fili kusa da inji mai tururi. Zafi yana ƙafar da ruwan ciki, yana cinye ƙarfen da ke riƙe da farantan, yana kuma sa batir ya riƙa zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba. Batir mai ruwa zai iya rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace rana in yanayi ya yi zafi. Mutane da yawa suna ɗora wa sanyin hunturu laifi, don da asubahin Disamba ne sitata ke ƙin juyawa. Amma bazara ce ta yi ɓarnar, sanyi asiri kawai ya tona. Ma'anar wannan ita ce, ɗan sakacin da batir zai jure a Jos, a Kebbe ba zai yafe shi ba.

To yanzu a dubi yadda ake sayar da shi. Batura iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ke zuwa a bushe da gorar asid ɗinsa daban, akwai kuma rufaffe wanda aka cika tun daga masana'anta. Na bushen, ƙa'idarsa a rubuce take a jikin kwali ko a takardar da ke ciki: a zuba asid, a bar shi ya zauna kamar rabin awa zuwa awa guda har farantan su sha, sannan a yi masa caji a hankali har ya cika kafin a ɗaura shi a babur. Abin da aka saba gani shi ne a zuba, a girgiza, a ɗaura, a danna oda ta yi ƙara, mai saye ya biya ya kama hanya. Batirin da aka yi wa haka ya fara rayuwa bai cika ba, kuma sau da yawa ba zai taɓa kaiwa cikakken ƙarfinsa ba, don tun ranar farko aka ɗora masa nauyin sitata. Rufaffen kuwa matsalarsa tsufa a kanta. Ya kwashe watanni a jirgin ruwa, ya kwana a tashar Legas, ya zauna a sito a Anaca ko Kano, sannan ya iso shago mai rufin kwano a Tambuwal inda zai jira mai saye cikin zafi. A duk tsawon wannan lokaci yana zubar da caji, gishiri yana daskarewa a cikinsa, ba wanda ya ɗora masa mita ko sau ɗaya. Ledarsa sabuwa, kwalinsa sabo, amma cikinsa ya fara tsufa. Mai saye ba shi da hanyar ganin wannan da ido. Mai sayarwa kuwa yana da ita, kuma ba ta fi ƴar mitar hannu ba.

Daga nan sai wurin mai caji, inda ake ƙarasa aikin. Batirin Boxer ko Jincheng ko Haojue ƙarami ne, ƙarfinsa bai cika wuce amfiya 5 zuwa 7 na awa ba. Ƙa'idar cajinsa kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ne, wato kimanin rabin amfiya, a bar shi awa biyar zuwa goma. Amma cajar da ke yawancin rumfuna ta batirin mota ce, wadda aka yi don akwati mai ninki goma na girman wannan. Mai kabu-kabu yana sauri, mai caji yana lissafin man janareta, sai a haɗa ɗan batirin da babbar caja a ba shi minti talatin. Wannan ɗure ne, irin wanda ake yi wa yaro a toshe masa hanci, abin da ya shiga ba jiki yake shiga ba. Ruwan yakan tafasa, farantan su lanƙwashe, garin da ke manne a jikinsu ya kakkaɓe ya taru a ƙasa har ya haɗa ɗaki. Rufaffe ma ya fi shan wahala, don ruwan da ya fita a tururi ba a iya mayar masa da shi, shi ya sa ake ganin wasu sun kumbura kamar za su fashe. Daga ɗuren batir yakan fito da ɗan kuzari na kwana biyu, wanda ke sa mai shi ya ɗauka an yi masa aiki. Akwai kuma al'adar ƙara asid in ruwa ya ja baya. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid yana nan bai je ko'ina ba, don haka ƙara shi yana sa ruwan ya yi kaifin da zai cinye farantan. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan da aka samo daga tururi, ba na rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba kuma na leda ba, saboda ma'adinan da ke cikinsu suna gurɓata faranti.

Wani lokaci kuma ba laifin batir ba ne ko kaɗan. Babur yana da kwayil da ke samar da wuta, da rektifaya da ke daidaita ta kafin ta shiga batir. In inji yana aiki aka ɗan ja totur, mita ya kamata ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir. In ta tsaya ƙasa da 13, babur ba ya ciyar da batirinsa. In ta haura 15, dafa shi yake yi. Gwajin bai kai minti biyu ba. Amma ana iya sauya batir sau uku a kan babur guda, ana tsine wa ƴan China kowane karo, alhali rektifaya ce ta lalace tun farko. Ƙara da kayan da ake rataya wa babur: fitilun ado, rediyo mai kati, wurin cajin waya da aka jona kai tsaye a kan batir yana tsotsa ko an cire makulli.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, yadda ake hawan babur ya sauya, kuma batir na cikin waɗanda suka ji a jikinsu. Mahayi yana kashe inji a kowace gangara da kowace tsayawa don ya rage shan mai, sannan ya danna sitata ya sake tashi. Kowace dannawa tana jan wuta mai yawa, kuma gajeriyar tafiya a cikin gari ba ta isa ta mayar da ita. Wasu kuma sun jingine babur gaba ɗaya, sai ranar kasuwa ko in rashin lafiya ta taso. Dama can akwai ƴan ci-rani, waɗanda in an gama kaka sukan kulle babur a zaure su nufi kudu ko wasu birane, ba za su dawo ba sai an ga hadari. Wata huɗu ko biyar a ajiye, a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, sun isa su kashe batirin da aka saya da kuɗin amfanin gona. A ƙasashen sanyi, inda ake ajiye babur duk tsawon hunturu, sun magance wannan da wata ƴar caja da ake barin ta a jone, tana ba da wuta kaɗan-kaɗan, tana yankewa da kanta in batir ya cika.

Nan ne za a ce, da wace wutar? Tambaya ce mai nauyi. Wutar kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba lantarki a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ba abin da za a dogara da shi ba ne ko a cikin garin Tambuwal, ƙauyuka da dama kuma ko turke ba su gani ba. Amma buƙatar ɗan batirin nan ƙarama ce ƙwarai. Farantin sola mai wat 10 yana ba da kusan rabin amfiya in rana ta take, wato daidai abin da ake nema, matuƙar an sa masa ƴar na'urar da ke yanke caji in ya cika. Rana kuwa ita ce abin da ba mu rasa ba. Kusan kowane babban ƙauye yanzu yana da mai cajin waya da sola, kuma ƙara layin cajin batirin babur a shagonsa ba wani babban jari ba ne. Ɗan ci-rani zai iya cire batirinsa, ya fara kwance wayar ɓangaren da ke da alamar ragi, ya bar shi a inuwa a hannun ƙaninsa, a riƙa kai shi caji sau ɗaya a wata. A yi cajin a inda iska ke shiga, nesa da taba da murhu, don batir yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da Cibiyar Binciken Makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980. Koya wa makanikan karkara haɗa irin wannan ƴar caja aiki ne da bai fi ƙarfinta ba, kuma zai taɓa rayuwar mutane fiye da takardun taro da yawa.

Ban ce babu jabu ba. Akwai shi, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara masa kasuwa, domin ɗan kasuwar da ke son ya riƙe farashi yakan nemo mai araha. Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin ƙera batir ita ce rage dalma, shi ya sa in an ɗaga batura biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi yawanci ya fi ƙarko. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ce ke da alhakin tsare ƙofa, kuma abin da ke cika kasuwa shaida ne cewa ƙofar ba ta tsaru ba. Sai dai bangon da ya tsage ne ya ba ƙadangare wurin shiga. A kasuwar da mai kyau da maras kyau duk suke mutuwa cikin wata takwas saboda ɗure da yunwa, me zai sa mai saye ya biya na tsada? Sakacinmu ne ya shafe bambancin da ke tsakaninsu, jabu kuma ya samu wurin ɓuya. Ranar da batir mai kyau ya fara kai shekara biyu ko uku a hannun mutane, sunan maras kyau zai fito fili a kowace tashar kabu-kabu ba tare da an jira jami'i daga Abuja ba.

Wasu mahaya kuma cewa suke, batir ado ne, tunda kiki na tayar da babur. Gaskiya ne yawancin baburan da ke karkara suna tashi ba batir. Amma oda da sigina da fitilar birki a kansa suka dogara a yawancinsu. A titin Sakkwato zuwa Jega, inda tireloli da tankokin mai ke gudu dare da rana, babur da ya karya kwana ba sigina ko ya taka birki ba wuta a bayansa, ran duk waɗanda ke kansa yake wasa da shi a lokaci guda.

Abin da ya fitar da wannan magana daga aljihun mai babur ya mai da ita ta jama'a shi ne inda mataccen batir ke ƙarewa. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin gubar dalma daga nesa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara maƙwabciya, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo aka gane musabbabin. Can dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gida ya kawo ta, ba batir ba, amma guba ɗaya ce kuma hanya ɗaya take bi: ƙura a ƙasa, hannun yaro, baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta warkewa. Rahoton da UNICEF da Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini a matakin da ke da haɗari, kuma ya sa fasa tsofaffin batura a bayan gida cikin manyan dalilai. A nan, mataccen batir yakan zauna a tsakar gida ana kunna ƴar fitila da shi har ya ƙare, yara su fasa shi su yi wasa da farantan, ko a sayar wa ƴan gwangwan su tsiyaye asid ɗin a ƙasa kafin su auna, ko a narkar da dalmar a buɗaɗɗen wuri a yi wa taru nauyi. Batirin da ya kamata ya yi shekara biyu in ya mutu a shekara guda, an ninka yawan wannan sharar ke nan a ƙauye ɗaya.

Ƙalubale mafi ƙarfi shi ne na riba: me zai sa mai shago ya tsawaita ran abin da mutuwarsa ce cinikinsa? Amsar tana cikin yadda kasuwar ƙauye take. Mai shago a Sanyinna ba baƙo ba ne, da shi ake sallar Juma'a, kuma rigimar batirin da ya mutu bayan wata biyu kansa take faɗowa, ba tare da yana da hujjar kare kansa ba. A ce a ranar ciniki ya auna batir a gaban mai saye, ya rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna a jikin akwatin da fenti, ya kuma auna wutar da babur ke bayarwa kafin a ɗaura. In rektifaya ce ta lalace, ya sami cinikin rektifaya, kuma ya wanke kansa. In komai lafiya, zai iya ba da lamunin ƴan watanni ba tare da fargaba ba, shi ma ya sami bakin da zai mayar wa dillalinsa na Kano da kayan da suka iso a mace. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta riga ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, amma ba wanda zai tashi daga Girkau ya kai ƙarar batir. Waɗanda maganarsu ke da kaifi a nan su ne shugabannin tashar kabu-kabu, ƙungiyoyi irin su ACOMORAN wadda mambobinta suka haɗa da mahaya da masu gyara, da sarkin kasuwa. In tasha guda ta yanke cewa ƴaƴanta ba za su sayi batir a inda ba a aunawa ba, ba za su kai caji inda ake ɗure ba, mako ɗaya ya isa mita ta bayyana a kowane shago.

Ta wannan ƙofa ce kuma za a bi a tattara matattun. A Amurka kusan kashi 99 cikin ɗari na baturan dalma suna komawa masana'anta, kuma babban sirrin shi ne ana cajin mai saye ƙarin kuɗi in bai kawo tsohon ba. Mu ma tsohon batir yana da kuɗi, shi ya sa ƴan gwangwan ke nemansa, don haka rangwame ga wanda ya kawo nasa cikakke, ba a fasa ba, ba a tsiyaye ba, ba asara ba ce ga mai shago. Gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da su alhakin karɓar tsofaffin. Tattarawa kaɗai ba ta gama magana, domin garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narkar da batura suka cika gidajen mutane da ƙurar dalma, ya nuna cewa ana iya kwashe guba daga wani ƙauye a juye ta a wani. Wannan yaƙin na NESREA ne. Rabon ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe ya fi haka sauƙi: rumfa guda mai daɓen siminti da ƙofa mai kwaɗo a kowace babbar kasuwa, inda za a jera tsofaffin batura a tsaye har motar dillali mai rajista ta zo, da umarnin uban ƙasa cewa kada a sake fasa batir ko narkar da dalma a cikin gari.